Tarihin Awon Numfashi: Daga Jalinusu Zuwa Agogon Mai Jinya

Gabatarwa

Da wuya a sami wani aiki da ɗan Adam yake yi ba dare ba rana kamar numfashi. Tun daga kukan farko da jariri yake yi ran da ya faɗo duniya, har zuwa ran da za a ce rai ya yi halinsa, ƙirji ba ya samun hutu. Baligi mai lafiya yakan ja numfashi sau 12 zuwa 20 a minti guda in yana zaune, watau wajen sau 20,000 ke nan a kwana ɗaya, amma bai san yana yi ba sai ran da abin ya so ya gagara.

Mu ɗaliban Hausa mukan fara haɗuwa da huhu ne a darasin ilmin furuci, inda ake koya mana cewa yawancin sautukanmu da iskar huhu ake yin su, in ban da irin su ɓ da ɗ da ƙ da ts waɗanda maƙwallato yake sarrafa iskarsu. Daga nan sai mu bar huhu mu wuce kan harshe da hanƙa da leɓɓa. A wannan maƙala ina so in tsaya kan huhun kansa, in bi tarihin yadda mutane suka gano amfanin numfashi, da yadda masu jinya suka koyi auna shi a gefen gadon majiyyaci. Abin da nake so in nuna shi ne, an shafe shekaru fiye da 2,000 ana bincike ana ƙera na'urori, amma har gobe ƙirga numfashi na minti guda cur da agogo yana cikin awon da ya fi saurin tona asirin ciwo mai tsanani. Kuma wannan awo mai araha shi ne aka fi wasa da shi.

Abin da Bahaushe ya riga ya lura

Kafin mu tsallaka ƙasashen waje, ya kamata mu duba gida. Harshen Hausa cike yake da kalmomin da suke bambanta irin numfashi. Wanda ya sha gudu haki yake yi, mai ciwo ko mai naƙuda nishi, yaron da ya gama kuka shessheƙa, mai barci minshari, mai damuwa kuwa ajiyar zuciya. In aka ce numfashin wane ya sarƙe, ko yana numfashi sama-sama, kowa ya san magana ta yi nauyi. In kuwa aka ce yana gargara, sai a shiga laƙƙana masa kalmar shahada. Haka kuma muna da sunayen cututtukan ƙirji, kamar fuka da tarin fuka da tarin shiƙa da ciwon haƙarƙari.

Wannan ya nuna kakanninmu sun daɗe suna kallon ƙirjin mara lafiya suna sauraronsa. Abu biyu ne ba su da su, kamar yadda sauran al'ummomin duniya ma ba su da su sai kwanan nan. Na farko sanin aikin da iska take yi in ta shiga jiki, na biyu kuwa lissafi. Bahaushe ya ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Tarihin da zan kawo labari ne na yadda aka tashi daga kima aka kai ga mudu.

Zamanin da ake zaton huhu mafici ne

Masanan Girka na da, irin su Aristo, sun ɗauka akwai wani zafi na halitta a cikin zuciya, aikin numfashi kuwa shi ne ya yi masa fifita don kada ya ƙona jiki. Likitocin makarantar Buƙrat sun ɗan taɓa sauraron ƙirji. In sun yi zaton mugunya ta taru a ciki, sai su kama kafaɗun majiyyaci su girgiza shi, su kara kunne ko za su ji motsin ruwa.

Wanda maganarsa ta fi daɗewa ana bi shi ne Jalinusu, wanda aka haifa a Fargamum, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, a shekara ta 129, ya kuma yi aiki a birnin Rum. Dabbobi ya riƙa feɗewa, musamman birai da aladu. Ya gano abubuwa na gaskiya da dama. Shi ya nuna cewa tsokokin da suke tsakanin haƙarƙari, da faifan tsokar nan da ya raba ƙirji da ciki, su ne suke buɗe ƙirji iska ta shiga. Ya kuma nuna cewa in aka yanke wata jijiya a wuyan alade, nan take kukansa zai ɗauke. Amma ya ce jini yana ratsawa daga ɓangaren dama na zuciya zuwa na hagu ta wasu ƙananan kafofi da ido ba ya gani a jikin bangon da ya raba su. Babu waɗannan kafofi, amma saboda girman mai maganar aka yi shekaru fiye da 1,000 ana karantar da haka.

Wanda ya fara cewa a'a shi ne Ibn Nafis, malamin fiƙihu kuma likita, wanda aka haifa kusa da Dimashƙa wajen 1213, ya yi karatu a asibitin Nuri na can, sannan ya koma Alƙahira inda ya rasu a 1288. A shekara ta 1242 ya rubuta sharhi a kan sashen sanin gaɓoɓin jiki na littafin Al-Ƙanun na Ibn Sina. A ciki ya bayyana cewa bangon zuciya mai kauri ne, ba shi da wata kafa, don haka dole jini ya tashi daga dama ya bi ta huhu, ya gauraya da iska, kana ya dawo hagu. Wannan bayani ya shige duhu har 1924, lokacin da wani likita ɗan Masar mai suna Muhyiddin Tatawi ya ci karo da rubutun a ɗakin karatu na birnin Berlin. A Turai sai a 1553 Michael Servetus ya faɗi irin wannan magana a cikin wani littafinsa na addini, aka kuma ƙone shi a birnin Janiba a shekarar saboda aƙidarsa. William Harvey na Ingila ya tabbatar da zagayawar jini a jiki duka a 1628. A 1661 Marcello Malpighi na Italiya ya sa huhun kwaɗo a ƙarƙashin madubin ƙara girman abu, ya ga siraran hanyoyin jini da suka fi gashi siranta, waɗanda suka haɗa hanyar shiga da ta fita.

Zuga-zugi da kyandir

An san hanyar jini ke nan, saura a san abin da yake zuwa nema a huhu. A 1660 Robert Boyle ya buga sakamakon gwaje-gwajen da ya yi da wani famfo mai zuƙe iska daga cikin tulun gilashi. In ya sa kyandir a ciki ya zuƙe iskar sai ya mutu, in ya sa tsuntsu ko ɓera shi ma sai ya mutu. Ashe wuta da rai abu guda suke nema a cikin iska. A 1667 Robert Hooke ya buɗe ƙirjin kare, ya hudahuda huhunsa, ya riƙa hura masa iska da zuga-zugi irin na maƙera ba tsayawa. Huhun bai motsa ba, amma karen bai mutu ba. Wannan ya nuna sabuwar iska ita ce abin buƙata, motsin ƙirji hanyar kawo ta ne kurum. Bayan shekara 2 Richard Lower ya nuna cewa a cikin huhu ne jini yake sauya launi daga baƙi-baƙi zuwa ja wur.

Sai da aka ƙara ƙarni guda aka kama ainihin abin. A 1774 Joseph Priestley ya ware wata iska wadda kyandir yake ci da ƙarfi a cikinta, daga baya kuma ya ga ɓera ya fi daɗewa a cikinta fiye da iskar yau da kullum. Antoine Lavoisier na Faransa shi ya raɗa mata suna oksijin. Shi da abokinsa Laplace suka sa ɓeran Masar a cikin wani mazubi da aka kewaye da ƙanƙara, suka auna yawan ƙanƙarar da zafin jikinsa ya narkar da yawan iskar kabon da ya fitar, suka kwatanta da na gawayi mai ci. Lissafin ya zo kusan ɗaya. Nan aka gane cewa numfashi ƙuna ce mai tafiya a hankali. Watau masanan da sun kifar da zancen ne, abin da suka zata mafici ne ashe zuga-zugi ne. Shi dai Lavoisier an fille masa kai a 1794, lokacin juyin juya halin Faransa.

Ga taƙaitaccen abin da aka sani a yau. Iska tana shiga ta hanci, inda ake tace ta a ɗumama ta a jiƙa ta, ta bi ta maƙogwaro ta gangara bututun iska, wanda ya rabu biyu, kowane reshe ya yi ta rarrabuwa kamar rassan itace har ya ƙare a wasu 'yan mitsi-mitsin jakunkuna da yawansu ya kai miliyan 300 zuwa 500. Huhun dama yana da sassa 3, na hagu 2, don ya bar wa zuciya wuri. A bangon waɗannan jakunkuna ne oksijin yake tsallakawa cikin jini, iskar kabon kuma ta fito. Iskar da muke shaƙa tana da oksijin kashi 21 cikin 100, wadda muke fitarwa wajen kashi 16. Kowane ja ɗaya na baligi a zaune wajen rabin lita ne. Akalar abin tana gindin ƙwaƙwalwa, kuma a 1905 John Scott Haldane da abokin aikinsa suka nuna cewa taruwar iskar kabon a jini ita ce babbar mai zaburar da numfashi. Saboda haka duk abin da ya taɓa huhu ko zuciya ko jini ko ƙwaƙwalwa, ko ya sa tsami ya yi yawa a jini, yakan bayyana a saurin numfashi. Wannan shi ne dalilin da ya sa ƙirga shi yake da daraja.

Ƙwanƙwasawa da saurare

Sanin aikin huhu daban, sanin halin da huhun mutum mai rai yake ciki daban. Likitan ƙarni na 18 ba ya iya ganin cikin ƙirji sai bayan mutuwa. Wanda ya fara buɗe ƙofa shi ne Leopold Auenbrugger, likita a birnin Biyana. Mahaifinsa mai masaukin baƙi ne, ana kuma ba da labari cewa tun yana yaro ya ga yadda ake ƙwanƙwasa gangunan giya don a san inda ruwan ya tsaya. Duk wanda ya taɓa ganin mace tana ƙwanƙwasa tukunya a kasuwa kafin ta saya, ko mai sayen kankana yana buga ta da yatsa, ya san wannan dabara. A 1761 ya buga ɗan littafi yana cewa ƙirji mai lafiya yana amo kamar ganga, wanda ruwa ko mugunya ta cika kuwa amonsa a dushe yake. Ba a kula shi ba sai a 1808, da Corvisart, likitan Napoleon, ya fassara littafin zuwa Faransanci.

Ɗalibin Corvisart ne, René Laennec, ya kawo mataki na gaba. A 1816, yana aiki a asibitin Necker na birnin Paris, aka nuna masa wata budurwa mai alamun ciwon zuciya. Ƙibarta ta hana ƙwanƙwasawa yin amfani, kunya kuma ta hana shi kara kunnensa a ƙirjinta kamar yadda aka saba. Sai ya naɗe takardu kamar bututu, ya ɗora baki ɗaya a ƙirjinta, ɗaya a kunnensa, ya ji bugun zuciyar fiye da yadda ya taɓa ji. Daga nan ya sassaƙa bututun katako, ya shafe shekara 3 yana sauraron majiyyata, in sun mutu ya buɗe ƙirjinsu ya ga abin da ya haifar da kowane sauti. Littafinsa ya fito a 1819. Wani abin sha'awa ga mai nazarin harshe shi ne, kalmar da ya zaɓa don sautukan ciwo na huhu ita ce wadda Faransawa suke kiran gargarar mutuwa da ita. Don kada majiyyata su tsorata, a gabansu sai ya riƙa amfani da kalmar Latin. Tarin fukan da ya yi ta bincike a kansa shi ya kashe shi a 1826, yana da shekara 45. Abin sauraron ƙirji mai kunne biyu, irin wanda muke gani a wuyan likitoci, ya bayyana ne a farkon shekarun 1850.

A 1846 John Hutchinson na Landan ya ƙera na'urar auna yawan iskar da mutum zai iya hurawa bayan ya cika ƙirjinsa, ya gwada mutum 2,130, ya ga cewa yawan iskar yana tafiya da tsawon mutum, yana kuma raguwa ga mai tarin fuka. A wannan ƙarni ne kuma aka fara sa wa salon numfashi suna. John Cheyne a 1818 da William Stokes a 1854, dukkansu a birnin Dublin, sun siffanta numfashin da yake hauhawa ya sauka ya ɗauke na ɗan lokaci sannan ya dawo, wanda akan gani ga mai ciwon zuciya mai tsanani ko wanda ajali ya kusato. Adolf Kussmaul na Jamus a 1874 ya siffanta numfashi mai zurfi mai wahala na mai ciwon sukari da ya ta'azzara.

Aikin mai jinya

Likita yakan zo ya duba ya wuce. Wanda yake kwana da majiyyaci shi ne mai jinya. Jinya tsohuwar sana'a ce. Tarihin Musulunci ya kawo Rufaida Al-Aslamiyya, wadda take da tanti a Madina inda take kula da masu rauni, a nan ma aka kwantar da Sa'ad bin Mu'azu bayan yaƙin Handaƙ. Amma mayar da lura da mara lafiya ilmin da ake koyarwa a makaranta, ana jingina shi ga Florence Nightingale. Ta jagoranci masu jinya zuwa asibitin sojan Ingila a Uskudar, daura da Istanbul, a 1854, ta rubuta littafinta kan jinya a 1859, ta buɗe makaranta a asibitin St Thomas na Landan a 1860. Babin farko na littafin a kan iskar ɗakin majiyyaci yake. A lokacin ta ɗauka gurɓatacciyar iska mai wari ce take haddasa cuta, ba a riga an tabbatar da ƙwayoyin cuta ba, amma umarninta na buɗe taga ya yi amfani. Ta kuma ware babi guda a kan lura, inda ta nuna cewa babban abin da za a koya wa mai jinya shi ne ya san abin da zai duba, da yadda zai duba, da alamar da take nuna sauƙi da wadda take nuna akasin haka.

Mudun da ake buƙata kuwa agogo ne. Tun 1707 Sir John Floyer ya sa aka ƙera masa agogo mai tafiyar minti guda don ƙirga bugun jini. Da ma'aunin zafin jiki ya yaɗu bayan littafin Carl Wunderlich na 1868, sai aka fara rataye takarda a ƙarshen gado ana rubuta abu uku: zafin jiki da bugun jini da numfashi. Cika wannan takarda ya zama aikin nas.

Ga yadda ake koya wa masu jinya duba numfashi. Da farko ba a gaya wa majiyyaci ana ƙirgawa, don da zarar mutum ya san ana kallon numfashinsa sai ya sauya shi. Saboda haka nas yakan ci gaba da riƙe wuyan hannu kamar yana jin bugun jini, alhali idonsa yana kan ƙirji, ya ƙirga hawa da sauka a matsayin ɗaya har minti ya cika. Sannan ya duba zurfin numfashin, da ko yana tafiya daidai ko yana yankewa, da ko ɓangarorin ƙirji biyu suna tashi tare. Ya duba wahalar da ake sha: kafofin hanci suna buɗewa, tsokokin wuya suna ja, tsakanin haƙarƙari yana lotsawa, majiyyaci ya kasa kwanciya sai zaune, ko ya kasa ƙarasa jimla guda sai ya tsaya ya huta. Ya saurari sauti, ko fito-fito irin na mai fuka, ko ƙara mai kaushi wajen jan iska wadda take nuna maƙogwaro ya ƙuntata, ko nishi a ƙarshen kowane numfashi. Ya tambayi tari da launin majina da ko akwai jini. Ya lura da hankali, domin ruɗewa ko yawan gyangyaɗi kan nuna ƙwaƙwalwa ba ta samun abin da take so. Daga ƙarshe ya duba launi. Littattafan Turawa sun ce fata takan yi shuɗi in oksijin ya yi ƙaranci, amma a jikin baƙar fata sai an duba harshe da dasashi da cikin leɓe, kuma ga mai ƙarancin jini alamar ba ta cika fitowa ba. Tun 1947 wasu likitocin Amurka, Comroe da Botelho, suka nuna cewa ido ba abin dogaro ba ne a wannan wuri.

Hannun ɗalibai da hasken yatsa

A ƙarni na 20 an koyi yi wa mutum numfashi in nasa ya gaza. Labarin da ya fi dacewa da mujallar ɗalibai shi ne na birnin Kopanhagan, ƙasar Danmak, a 1952. Annobar shan inna ta ɓarke, cutar tana shanye tsokokin numfashi, asibitin Blegdam kuwa yana da babbar na'urar numfashi guda ɗaya tak da ƙanana 6. Cikin mutum 31 na farko da numfashinsu ya gaza, 27 suka mutu. Wani likitan sa barci mai suna Bjørn Ibsen ya gane cewa iskar kabon ce take taruwa a jininsu. Ran 27 ga Agusta ya sa aka huda maƙogwaron wata yarinya 'yar shekara 12 aka zura bututu, ya riƙa matsa jakar roba da hannu yana tura mata iska, ta rayu. To, amma wa zai yi ta matsa jaka dare da rana ga majiyyata masu yawa? Sai aka kira ɗaliban koyon likita da na haƙori, wajen 1,500, suna karɓa-karɓa na sa'o'i 6 zuwa 8, makonni da watanni. Mace-macen suka ragu zuwa ƙasa da rabin yadda suke. Daga wannan ne aka buɗe ɗakin kulawa ta musamman na farko a 1953, inda ake tara masu tsananin ciwo a sa musu ido ba ƙiftawa.

A 1972 wani injiniya ɗan Japan, Takuo Aoyagi, ya gano hanyar auna oksijin na jini da haske ba tare da an huda fata ba. Daga nan aka sami 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa. Ga mai lafiya takan nuna 95 zuwa 100, in ta sauka ƙasa da 90 akwai haɗari. Darajarta ta fito fili a annobar korona ta 2020, lokacin da aka ga mutane oksijin ɗinsu ya faɗi ƙwarai alhali ba su ji sarƙewar numfashi ba. Amma a ƙarshen wannan shekara masu bincike a Jami'ar Michigan ta Amurka suka buga sakamakon da ya shafe mu kai tsaye: na'urar takan nuna lafiya lau alhali oksijin ya yi ƙasa, kuma wannan kuskure ya fi aukuwa ga baƙar fata kusan ninki 3 a kan farar fata. Ashe ko da na'ura a yatsa, ba a yar da agogo ba. Shi ya sa tsarin maki na gane majiyyacin da yake taɓarɓarewa, wanda ƙungiyar likitocin Landan ta fitar a 2012, ya ba da maki mafi yawa ga baligin da numfashinsa ya kai 25 a minti ko ya sauka zuwa 8. Duk da haka bincike a asibitocin ƙasashe da dama ya nuna cewa numfashi ne awon da aka fi tsallakewa, ko a kintata a rubuta 18 ko 20 ba tare da an ƙirga ba. Da rashin tayi akan bar araha, in ji Bahaushe. A nan kuwa arahar ce ta jawo raini.

Lambobi uku masu ceton yara

Inda ƙirga numfashi ya fi ceton rai shi ne wajen yara. Ciwon haƙarƙari, wanda asibiti suke kira namoniya, yana cika jakunkunan huhu da ruwa da mugunya, sai yaro ya ƙara saurin numfashi don ya cike giɓi. Matsalar ita ce, yara masu tari da mura ba su ƙirguwa, ta yaya ma'aikacin ƙauye wanda ba shi da na'urar hoton ƙirji zai ware mai mura daga mai namoniya? A 1984 Frank Shann da abokan aikinsa, waɗanda suka yi aiki a garin Goroka na ƙasar Papua New Guinea, suka buga binciken da ya nuna cewa saurin numfashi shi ne alamar da ta fi dacewa a dogara da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta gina tsarinta a kan wannan, daga baya a tsakiyar shekarun 1990 ita da UNICEF suka shigar da shi cikin tsarin duba yaro mara lafiya gaba ɗaya.

Ƙa'idar mai sauƙi ce. A ƙirga lokacin da yaro yake kwance lafiya, ba ya kuka ba ya shan nono. Jariri ɗan ƙasa da wata 2, in numfashinsa ya kai 60 a minti, ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa 11, iyakar 50 ce. Daga shekara 1 zuwa 5, iyakar 40. In kuma ƙasan ƙirji yana lotsawa ciki lokacin da yaro yake jan iska, ko ya kasa shan komai, ko yana jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, sai a garzaya asibiti ba jira.

Wannan magana tamu ce. Bisa ƙididdigar UNICEF, namoniya ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 fiye da 800,000 a duniya a 2018, Nijeriya kuma ita ce ta zo kan gaba da wajen 162,000. Ƙurar hunturu da hayaƙin itacen girki da cunkoson ɗaki da rashin abinci mai gina jiki da ƙyanda duk suna share wa cutar hanya. Maganinta a mafi yawan lokaci ƙwaya ce mai araha, in an fara da wuri. Abin da yake kashewa shi ne jinkiri, a yi kwana 3 ana cewa sanyi ne ya kama shi.

Kammalawa

Mun ga yadda Ibn Nafis ya gyara Jalinusu, da yadda kyandir da zuga-zugi suka bayyana sirrin iska, da yadda ganga da naɗaɗɗiyar takarda suka buɗe ƙirji ga kunne, da yadda agogo ya shiga hannun mai jinya. Kowane mataki ya ƙara wa lura ƙarfi ne, babu wanda ya ɗauke wa mutum nauyin zama kusa da mara lafiya ya sa ido.

A ganina akwai aikin da ya rataya a wuyanmu mu masu nazarin Hausa. Uwar da ta kawo ɗanta asibiti da Hausa za ta yi bayani. Za ta ce yana haki, ko yana nishi, ko haƙarƙarinsa yana ja. Nas ɗin da bai san bambancin waɗannan kalmomi ba ya yi asarar rabin labari, uwar da ba a taɓa gaya mata 60 da 50 da 40 ba ita ma an bar ta da kima kawai. Ya kamata ƙungiyarmu ta haɗa kai da ɗaliban likita da na jinya, mu tattara kalmomin numfashi na Kano da Sakkwato da Katsina da Zazzau da Damagaram, mu daidaita su da abin da asibiti suke nufi, mu kuma tsara waɗannan lambobi uku cikin gajerun jimloli da za su shiga rediyo da makarantun Islamiyya da gidajen suna. Agogo yanzu yana cikin kowace wayar hannu, minti guda kuwa ba ya fi ƙarfin kowa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri, amin.